Zayyana da Kwafinta: Sharhi a kan Zanen Addini da Bugun Inji

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba abin da zanen addini yake rasawa idan inji ya juye shi. Ra'ayinmu shi ne, bai kamata a auna kwafi da kamanni kawai ba, sai an tambaya ko yana iya yin aikin da aka yi asalin dominsa.

Bari mu fara da Italiya. A wajen 1440, Fra Angelico ya zana Mala'ika Jibrilu yana yi wa Nana Maryamu bushara, a jikin bangon gidan ibada na San Marco da ke birnin Fulorans. Da gangan aka sa zanen a bakin matakala, domin masu ibada su yi arba da shi duk lokacin da za su shiga ɗakunan kwanansu, su tuna. Kwafin da ake bugawa a littattafai yana kawo launi da siffa, amma ba ya kawo matakalar, balle tsayawar mai wucewa. Tun 1936 Walter Benjamin ya yi nuni da irin wannan asara.

To, a ƙasar Hausa fa? Malamanmu sun guji zanen mai rai, sai hikimarsu ta koma ga rubutu da zayyana. Alal misali, allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu a garuruwa irin su Ketare, a ƙasar Ƙanƙara, shaida ne cewa wane ɗan wane ya kai ƙarshen izu sittin. In aka ɗauki hotonsa aka buga dubu, ado ya saura, shaida ta tafi.

Amma ba kowane kwafi ke yin haka ba. Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta da hannu a Kano, inji ya yaɗa shi, ya shiga hannun almajirai da gardawa da dama. Rubutun namu ne, ruwayar kuma ta Warshu, kuma karanta shi ake yi, ba kallo ba. A nan inji bai kashe asali ba, raya shi ya yi.

Saboda haka, muna jan hankalin manazarta da su riƙa rubuta sunan mai zayyana, da garinsa, da dalilin yin ta, a duk inda suka buga hotonta. In ba haka ba, na baya za su gaji ado, su rasa ma'anarsa.