Wasan Sabulu: Yadda Garin Wanki Ya Raini Wasa Mai Dogon Zango a Amurka

A Amurkar shekarun 1930, senti 10 kuɗi ne da ake lissafi da su. Suna sayen kwalba biyu ta Coca-Cola, ko kan sarki uku na aika wasiƙa har a dawo wa mutum da canjin senti ɗaya. Lokacin da gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a 1938, senti 25 ta yanka wa aikin awa guda. A cikin wannan zamani na matsin tattalin arziki ne kamfanin Procter & Gamble ya sa aka yi shela a rediyo cewa duk matar da ta yanko murfin kwalin garin sabulunsa na Oxydol, ta haɗa da senti 10 ta aiko, za a aika mata da ƙunshin irin furanni. Wasiƙu sama da miliyan ɗaya suka yi ta kwarara. Cinikin iri bai dami kamfanin ba. So yake ya san ko akwai masu sauraron wasan kwaikwayon da yake zuba wa kuɗi, kuma ya sami amsarsa.

Sunan wasan Ma Perkins. An fara shi a 1933 a gidan rediyon WLW da ke Cincinnati, garin da hedkwatar kamfanin take, kafin ƙarshen shekarar NBC ta ɗauke shi ta watsa wa ƙasa baki ɗaya. Labarin wata dattijuwa ne da mijinta ya rasu ya bar mata wurin sayar da katako a wani ƙaramin gari na ƙage, Rushville Center. Ita ke sasanta 'ya'yanta da surukanta, ita ke raba rigimar maƙwabta, kowa ya shiga uku ƙofarta yake nufa. Virginia Payne, wadda ta hau muryar, shekarunta ashirin da 'yan kai ne kawai lokacin da ta fara, don haka in za ta fita bainar jama'a sai an ɗora mata farin gashi da tabarau kada masu sauraro su ji an yaudare su. Ta yi shekara 27 tana wannan aiki, shiri sama da 7,000, ba ta taɓa fashi ba.

Saboda masu sabulu ne suka fi ɗaukar nauyin irin waɗannan wasanni, 'yan jarida suka laƙaba musu sunan wasan sabulu da nufin shaguɓe, sunan kuma ya bi su. Zuwa 1940 akwai irinsu sama da 60 da ake watsawa da rana daga Litinin zuwa Juma'a, kuma an ƙiyasta mata kusan miliyan 20 ne ke bin su.

Duk abin da ya bambanta wannan salo da sauran wasanni, in aka bi sawunsa, ana tarar da shi a ɗakin girki ko a ofishin mai talla. Shirin minti 15 ne, daidai abin da mace za ta iya kasa kunne tana guga ko wanke-wanke. Da yake hannunta da idonta suna kan aiki, dole labarin ya yi tafiyar hawainiya: abin da ya faru jiya sai an maimaita shi yau, 'yan wasa suna yawan kiran sunayen juna don a san mai magana, kuma baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa ran Litinin yana iya kaiwa Laraba bai zauna ba. Wadda kukan yaro ya ɗauke wa hankali na minti biyar ba ta rasa komai ba. Ran Juma'a kuwa sai a yanke labarin a daidai inda zuciya ke ɗar-ɗar, don a tabbatar ta dawo ran Litinin. Babban sharaɗi shi ne kada labarin ya ƙare. Idan masoya suka yi aure suka zauna lafiya, me zai dawo da mai sauraro ta ji tallar gobe? Shi ya sa ciwon mantuwa, da shari'ar kisan kai, da mijin da aka ce ya mutu ya sake ɓullowa suka zama abincin yau da kullum. Jarumar The Romance of Helen Trent ta shafe shekara 27, daga 1933 zuwa 1960, tana nan a shekara 35 da haihuwa, manema suna zuwa suna wucewa, aure bai ɗauru ba.

Gidaje biyu ne suka gina sana'ar, kuma hanyarsu ta sha bamban. Frank da Anne Hummert, miji da mata, 'yan kamfanin talla ne, kuma sun ɗauki rubutu tamkar masaƙa. Su ke tsara ƙashin labari, su miƙa wa marubuta 'yan ƙwadago da ba a ambaton sunansu su cike shi da zance, a biya su ladan kowane shiri. Da haka suke tafiyar da wasanni fiye da goma a lokaci guda, cikinsu har da Ma Perkins, da Helen Trent, da Our Gal Sunday. Labaransu na mafarki ne: talaka ta auri attajiri, marainiya ta shiga gidan sarauta.

Irna Phillips kuwa marubuciya ce ta gaske. Malamar makaranta ce da ta koma garinsu Chicago, ta ƙirƙiro Painted Dreams a gidan rediyon WGN a 1930, wanda da yawa ke ɗauka shi ne wasan sabulu na farko. Ba ta zama ta rubuta da hannu. Zagaya ɗaki take yi tana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariyarta tana bugawa. Ita ta fi son jarumai masu sana'ar da ke kawo musu matsalolin jama'a har gida, wato likita, lauya da malamin coci, kuma ita ta yayata amfani da kiɗan ogan irin na coci wajen tsallakawa daga wannan fage zuwa wancan. Guiding Light, wanda ta fara a Janairun 1937, labarin wani malamin coci ne da mabiyansa, daga baya ya koma kan iyalin Bauer. A wurinta abin da ya faru bai kai yadda mutane suka ji shi a ransu muhimmanci ba, don haka mutum biyu suna iya cinye shiri guda suna shan kofi suna juya magana ɗaya. Duk wanda ya taɓa ƙagara da fitowar sabon kashi na wani fim mai dogon zango, a kowane harshe, ya ɗanɗani dabarun wannan mata ko bai san sunanta ba.

Masu ilimi sun yi wa salon ca. A 1942 wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Louis Berg, ya yi ta yawo da lacca cewa waɗannan wasanni suna jawo wa mata bugun zuciya da hawan jini. Daga baya aka gano jikin kansa ya auna yana sauraro, ba na wata mace ba. A 1948 James Thurber ya yi jerin rubuce-rubuce a mujallar The New Yorker yana yi wa wasannin ba'a, da gwaninta kam. Wadda ta ɗauki wahalar zuwa ta tambayi matan da kansu ita ce Herta Herzog, 'yar asalin Ostiriya mai binciken kafofin watsa labarai. Ta tarar wasu kuka suke so su yi su huce, wasu mafarkin wata rayuwa suke yi, amma da yawa shawara suke nema: yadda za a bi da miji mai fushi, yadda za a yi da ɗan da ya kangare, abin da za a faɗa wa wadda aka yi wa rasuwa. Wannan ya fi duk shaguɓen masu alƙalami bayyana gaskiyar lamarin. Macen da aure ko neman aikin miji ya raba da uwa da gwaggo, tana kaɗai a gida daga safe zuwa yamma, muryar Ma Perkins ce dattijuwar da ta rage mata.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai gidan ya sauya. Garin wanki na Tide ya fito a 1946, injin wanki da firij suka fara zama kayan kowa, gidaje masu arha suka cika bayan gari. A Levittown da ke kusa da New York ana sayar da gida a kan dala 7,990, kuma samfurin 1950 har da talabijin a maƙale a bango. Akwatin talabijin na RCA na 1946 ya haura dala 300, a lokacin da matsakaicin iyali ke samun kusan dala 3,000 a shekara, amma farashi ya yi ta sauka. A 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da talabijin, zuwa 1960 sun kai 87. Masu talla sun yi fargabar mace ba za ta iya kallo tana aiki ba. Phillips ta kai Guiding Light talabijin a 1952 ya karɓu, a 1956 kuma ta fito da As the World Turns mai minti 30. Labaran yamma na CBS ba su sami rabin awa ba sai a Satumbar 1963, shekara bakwai bayan wasan sabulu ya samu. Rediyo kuwa ya sallama: ranar 25 ga Nuwamba 1960 CBS ta rufe ragowar wasanninta na rana, har da Ma Perkins.

A nan ne rashin adalcin masu suka ke fitowa fili. Hannun mai talla bai tsaya a wasan mata ba. Labaran dare na NBC daga 1949 zuwa 1956 sunansu ma Camel News Caravan, da sunan taba sigari, kuma ba a nuna allon hana shan taba a cikinsu, ba a nuna mai zuƙar tabar nan mai kauri sai in Winston Churchill ne. Ɗan jarida Edward R. Murrow ya ƙalubalanci Sanata Joseph McCarthy a shirinsa See It Now a Maris 1954, a shekarar da ta biyo baya kamfanin Alcoa ya janye kuɗinsa, shirin ya rasa gurbinsa na mako-mako. Gasar kacici-kacici ta dare, wadda ake yabo a matsayin shirin ilimi, ta tashi da abin kunya: Charles Van Doren, malami a jami'ar Columbia da ya ci dala 129,000 a Twenty-One, ya amsa gaban kwamitin Majalisar Wakilai a Nuwamba 1959 cewa ana ba shi amsoshi tun kafin a fara. Wasan sabulu aƙalla bai taɓa cewa shi gaskiya ne ba, kuma kowa ya san mai biya.

Wannan ba ya wanke shi daga laifinsa. Garuruwansa na ƙage duk na fararen fata ne masu rufin asiri, babu yajin aiki, babu wariyar launi, don mai sabulu ba ya son ɓata wa mai saye rai a kowace jiha. Tsoron nan ne ya kashe shirin mawaƙi Nat King Cole a NBC a 1957, da aka rasa babban kamfanin da zai ɗauki nauyin baƙar fata. Sai a 1966 Guiding Light ya shigo da ma'aurata baƙaƙe a matsayin da ya taka kara ya karya. Ko da Agnes Nixon, ɗalibar Phillips, ta rubuta a 1962 yadda gwajin asibiti ya gano ciwon dajin mahaifa a jikin Bert Bauer ta cikin Guiding Light da wuri, don ta zaburar da mata su je a duba su, an yarda da labarin ne bisa sharaɗin ba za a furta sunan ciwon ba. Haka ta yi ta kewaye-kewaye, saƙon kuma ya isa.

Ranar 22 ga Nuwamba 1963, da misalin ƙarfe 1:40 na rana agogon New York, ana tsakiyar As the World Turns sai hoto ya ɗauke, aka ji muryar Walter Cronkite yana cewa an harbi Shugaba Kennedy a Dallas. Ba a ga fuskarsa ba, don kyamarar ɗakin labarai ba ta gama ɗumi ba. Da ya gama aka sa tallar Nescafé. 'Yan wasan, da yake kai tsaye suke yi, sun ci gaba da zancensu ba su san ƙasar ta juya ba. Miliyoyin da suka fara jin labarin daga CBS matan gida ne, saboda su ne ke gaban akwati a wannan sa'a.

Salon ya daɗe bayan haka, har sai da mata suka fita aiki da yawa, tashoshi suka yawaita, masu kallon rana suka ragu. Guiding Light ya tsaya a Satumbar 2009 bayan shekara 72 a rediyo da talabijin, CBS ta maye gurbinsa da gasar cin kyaututtuka, wadda ta fi arhar shiryawa. As the World Turns ya bi bayansa a 2010, kuma shi ne na ƙarshe cikin tsofaffin wasannin rana da Procter & Gamble ke shiryawa da kansa.