Hannun da ya iya shigar da fayil cikin R

Na daɗe ina ɗauka cewa gwanintar mai ƙididdiga tana wajen lissafi mai wuya da zane-zanen da ake haskawa a bango ranar taro. Zaman da na yi kusa da wata ma'aikaciyar ƙididdiga ne ya sauya mini tunani. An turo mata fayil na ƙananan hukumomin Najeriya, irin wanda ake kira CSV, ta kuwa shafe kusan rabin sa'a ba ta lissafa komai ba. Kallon fayil ɗin kawai take yi, kamar mai girkin da ta baza shinkafa a faifai tana tsince tsakuwa tun kafin ta hura wuta.

Shi CSV ba wani abin a zo a gani ba ne. Rubutu ne tsura: kowane layi bayanin abu ɗaya, waƙafi kuma yana raba suna da jiha, jiha da adadi. Layin farko galibi sunayen ginshiƙai ne. An yi shekaru ana amfani da shi kowa da irin nasa tsarin, sai a 2005 aka rubuta masa wata takardar bayani mai suna RFC 4180, ita ma ba kowa ke bin ta ba. Aikin shi ne a ɗebo wannan rubutu a zuba shi cikin jadawali a harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. Umarni ɗaya ya isa, read.csv, ko babban wansa read.table. Yaro ma zai iya rubuta shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, R ba ya tambaya, cinka yake yi: wannan ginshiƙi lamba ce, wancan rubutu ne, nan zance ya fara, nan ya ƙare.

Ita kuwa ba ta yarda da cinke. Ta fara buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, ta duba layukan farko da na ƙarshe, sannan ta nuna mini wani suna da yatsa.

"Malam, ka ga wannan? Shi zai cinye mana rabin ƙasar."

Jama'are ce ta jihar Bauchi. Alhamzar da ke tsakiyar sunan, a wurinmu harafi ce, amma read.table, idan an bar shi a yadda ya zo, yana ɗaukarta alamar buɗe zance. Da ya gan ta sai ya yi ta haɗiye duk abin da ya biyo baya, waƙafi da layi da komai, har sai ya ci karo da wata alhamzar da zai ɗauka ta rufewa ce. A jerin da aka tsara jiha-jiha bisa haruffa, ta gaba tana iya zama Jema'a ta Kaduna. Ke nan Bayelsa da Binuwai da Borno da Jigawa da duk na tsakaninsu sun dunƙule sun zama suna ɗaya mai tsawon tsiya. Abin da ya fi ba ni tsoro, idan alhamzojin suka zo biyu-biyu a ginshiƙi ɗaya, ba lallai R ya yi ko tari ba. Jadawali zai fito tsaf, sai dai ya rame. Maganin ɗan kaɗan ne: a gaya masa da quote cewa alamar zance mai ƙwaya biyu kaɗai ake nufi, ko a yi amfani da read.csv wanda dama haka aka saita shi. Amma sai wanda ya san ciwon yake neman maganin, kuma duk mai aiki da rubutun Hausa, inda 'yan da 'ya'ya da sana'a suke ko'ina, ba shi da uzurin rashin sani.

Daga nan ta koma kan lambobin waya. Namu na Najeriya alƙaluma 11 ne, suna farawa da sifili. R na ganin alƙaluma zalla zai ce adadi ne, adadi kuma ba ya buƙatar sifili a gaba, sai ya yar da shi. Ta hana shi da colClasses, ta ce a riƙe ginshiƙin a matsayin rubutu, tunda ba wanda zai tara lambar wayar wani da ta wani. Ta kuma ba ni labarin da masu wannan aiki suke yi wa juna dariya da shi: lambar ƙasar Namibiya mai harafi biyu ita ce NA, a wurin R kuwa NA na nufin babu bayani. Ƙasa guda takan ɓace daga jadawalin duniya a haka, sai an gyara na.strings.

Fayil ɗin da ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram nasa halin daban. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, ana rubuta 12,5 inda mu muke rubuta 12.5, don haka kwamfutar da aka saita da Faransanci takan raba ginshiƙai da waƙafi mai ruwa. An tanadi read.csv2 musamman saboda wannan. Sai kuma baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan an adana fayil da tsarin UTF-8 aka karanta shi da tsohon tsarin Windows, kalmar ƙasa takan fito a matsayin Æ™asa. Tun fitowar R 4.2 a 2022 abin ya yi sauƙi a kan Windows, amma ita har yau sai ta rubuta sunan tsarin da hannunta.

Akwai sababbin kayan aiki, ba ta kuma raina su. Tana amfani da readr na Hadley Wickham, wanda ke faɗa maka irin cinken da ya yi wa kowane ginshiƙi, da fread na data.table idan fayil ya kai miliyoyin layuka. A ganina saurinsu ba shi ne abin yabo ba. Wanda bai duba ba, saurin kuskure kawai ya samu. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga rahotonta ba, domin an riƙa zuba fayilolin CSV na ɗakunan gwaji cikin tsohon tsarin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce haka ya zube a ƙasa ba tare da ƙara ba.

Da jadawalin ya fito, na ɗauka an gama. Sai ta duba nau'in kowane ginshiƙi da str, ta ƙirga guraben da babu komai, ta nemo Jama'are da Jema'a da Mai'aduwa ta ga kowace a layinta. A ƙarshe ta rubuta nrow, umarnin ƙirga layuka, ta danna. Allon ya nuna 774.

"To, yanzu kawo tambayarka, Malam," in ji ta, ta jawo kofin shayinta da ya riga ya huce.