A saurari na'ura kafin a goge kati

Akwai wata ɗabi'a da ta kama matasanmu masu wasa da ƙananan kwamfutoci a Damazin, kuma tana damuna. Yaro zai samu Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012. Ba shi da allo, ba shi da madannai, sai ya jona ta da wuta ya ajiye a lungun ɗaki, yana shiga cikinta daga wayarsa ta hanyar SSH. Ranar da ta ƙi buɗe masa, ko karanta abin da ta rubuto ba ya yi. Sai ya zare katin ajiya, ya goge komai, ya sake zuba tsarin tun daga farko. In ta tashi, ya ce ya gyara. Ni kuwa ina ganin bai gyara komai ba, kuma bai koyi komai ba.

Na'urar nan tana faɗin ciwonta. Shiga ta SSH kamar sallama ce a ƙofar gida, kuma amsoshin da aka fi samu uku ne. Idan ta ce "Connection refused", sallamarka ta isa gidan, ƙofa ce a rufe. Tun ƙarshen 2016 tsarin Raspberry Pi yake zuwa da SSH a kashe, saboda ɓarayin intanet da ke afka wa na'urorin da aka bari da kalmar sirrin kamfani. Maganin bai wuce a saka katin a wata kwamfuta ba, a ajiye fayil mai suna ssh wanda babu komai a cikinsa, a ɓangaren da na'urar ke tashi da shi. Idan kuma ta yi shiru har ta ce "timed out", to ba a ma ji ka ba. Sau da yawa adireshin ne ya sauya, domin wayar da ke raba intanet takan ba na'ura sabuwar lamba bayan an kashe an kunna. Duba jerin na'urorin da ke jone da wayar, ko ka gwada sunan raspberrypi.local. Na ukun shi ne "Permission denied": an ji ka, an ƙi mabuɗinka. Tun Afrilun 2022 aka daina fitar da tsarin da sunan pi da tsohuwar kalmar sirrinsa, amma bidiyoyin da yaranmu ke bi har yanzu su suke koyarwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wuta. Madatsar Rusairis tana nan kusa da mu tun 1966, amma kowa ya san yadda ake ɗauke wuta, gidaje da yawa kuma sun koma ga sola da batir. Masu rubuta darussan nan a Turai ba su san wannan ba. 'Yar kwamfutar tana son volt 5 tsayayye. Ka ba ta caja mai arha da siririyar waya, ta tashi lafiya lau, amma da aiki ya yi nauyi sai ƙarfin ya faɗi, haɗinta da wayarka ya yanke. Ka sunkuya ka dubi jar fitilar da ke gefen na'urar: in tana ƙyaftawa ko ta mutu alhali tana jone, yunwar wuta take ji. Yankewar wuta ba zato kuma takan lalata abin da ke kan katin. A nan kam gogewa ta zama dole, na yarda. Amma wanda ya goge bai sauya caja ba, mako mai zuwa zai sake gogewa, ya sake ƙona kuɗin data wajen sauko da tsarin.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, 'yan'uwa da yawa sun watsu, wasu na son shiga na'urar da suka baro gida daga nesa. In shigar ta ƙi, wannan ba laifin kati ba ne ko kaɗan. Layukan waya yawanci suna haɗa mutane masu yawa a adireshi guda, don haka kira daga waje ba ya samun hanyar shigowa. Sai an shirya na'urar ta riƙa fita da kanta ta riƙe hanya da wata kwamfuta a waje, a biyo ta nan. Ranar da aka yanke sabis gaba ɗaya kuwa, kamar yadda ya faru a faɗin Sudan a Fabrairun 2024, babu umarnin da zai yi aiki.

Ƙannena, akwai wata illa da ba ku lura da ita ba. Duk gogewa tana ba na'urar sabuwar shaida, sai wayarku ta fito da dogon gargaɗi cewa wannan ba ita ce na'urar da ta sani ba. Kun saba share shi ku wuce. An yi gargaɗin ne domin ranar da wani zai tsaya tsakaninku da na'urarku yana karɓar kalmar sirrinku, kuma a ranar ma haka zai fito, da kalmomi iri ɗaya.