Hoton waya kaɗai bai isa a raɗa wa laikin suna ba

Wanda ya taɓa yawo a dazukan Turai ko na gabashin Amurka ya san wani abu mai launin kore-kore da ɗorawa da ke manne a jikin itatuwa, kamar an liƙa ganyen latas. Laikin ne, wato fangas da gansakuka da suka haɗu suna rayuwa a jiki ɗaya, kuma ba ya cutar da bishiyar. Wanda aka fi gani shi ne Flavoparmelia caperata, wanda Linnaeus ya bayyana a 1753, Mason Hale kuma ya ba shi sunansa na yanzu a 1986.

Yau kana ɗaukar hotonsa, manhaja irin iNaturalist za ta ba ka suna nan take. Manhajar ta yi amfani sosai, ba musu, ta sa mutane kallon abin da da suke wucewa. Ƙorafina shi ne yadda ake karɓar sunan kamar an gama magana.

Caperata yana da 'yan uwa masu kama da shi ƙwarai. Flavopunctelia flaventior yana da ƙananan ɗigo-ɗigo farare a samansa, waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu da kyau. Flavoparmelia soredians kuwa, a hoton da aka ɗauka daga nesa, sai dai canki-canka. Shi ya sa tun 1866 William Nylander ya kawo gwajin ɗigon sinadari. Za ka kankare fatar sama da reza har farin cikin ya fito, ka ɗiga ruwan bilic na wanki, wanda masana ke kira C. Idan ya yi ja, flaventior ne. Caperata ba ya canzawa. Da sinadarin K kuma, soredians zai yi ɗorawa sannan ya koma ja. Ƙasan ma ana dubawa, baƙi ne mai gefe ruwan ƙasa. To, mutum nawa ne ke ɗaga gefen laikin kafin ya danna hoto?

Wani zai ce ina ruwan wani, ai wasa ne. A iNaturalist, idan aƙalla mutum biyu suka ba da suna kuma fiye da kashi biyu cikin uku suka yarda, bayanin na iya wucewa rumbun GBIF da masu bincike ke ɗiba. Caperata ba ya jure hayaƙin kwal mai sulfa. Ya ɓace a yankunan masana'antu na Ingila, ya dawo da iska ta gyaru. Soredians ma yana bazuwa a arewa maso yammacin Turai. Idan aka cakuɗa su biyun, taswirar da za a zana ta lalace, kuma ba wanda zai lura.

Ni dai idan hoton sama kaɗai gare ka, tsaya a Flavoparmelia, ko ma a dangin Parmeliaceae, ka rubuta irin bishiyar da ka same shi a kai.