Tagwaye a Birnin Zariya: Sharhi a kan Abin da Aka Rubuta

Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu duba yadda marubuta suka ɗauki al'amarin tagwaye, musamman masu kama ɗaya, mu auna shi da abin da ke faruwa a cikin ganuwar Zariya.

Za mu fara da Tremearne, wanda littafinsa a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa ya fito a 1913. Ya ambaci imanin da ake da shi cewa kunama ba ta cutar 'yan biyu, kuma lalle har yau ana faɗin haka. Amma fa mutumin ya yi aiki ne a Jama'a, ya ɗebi yawancin labaransa daga bakin sojoji da barorinsa. Bai shiga ɗakin mai jego ba, ba kuwa zai yiwu ya shiga ba. Saboda haka abin mamaki kaɗai ya kawo mana. Uwar da ke shayar da baki biyu, da uban da zai nemi rago biyu kafin kwana bakwai, babu su a cikin lissafinsa. Adeline Masquelier ta fi shi zurfi nesa ba kusa ba a nazarinta na 2001, sai dai Mawrin Dogondutsi take magana a kansu, kuma kuskure ne a ɗauko bayaninta a jingina wa Zagezagi.

Ko sunayen ma ba a yi musu adalci ba. Ana kawo Hasan da Husaini, da Hasana da Husaina, da Gambo mai bi musu, a wuce. Ba a tsaya an lura cewa jikokin Annabi (S.A.W.) da aka ari sunayensu ba tagwaye ba ne, wa da ƙane ne, kusan shekara guda tsakaninsu. Watau al'ada ce ta nemi rigar Musulunci ta sa wa abin da take jin tsoronsa tun da can.

Likitoci kuwa ta wata ƙofa suka shigo. Davidson da Parry, a 1978, sun bayyana ciwon zuciyar da ke kama matan Zariya bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa. Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibiti, ya buga sakamakon a 1985. Aiki ne na ƙwarai, ba mu musa ba. Illarsa ita ce matan da suka isa asibitin Tudun Wada kaɗai ya gani, alhali da yawa a Kwarbai ko Unguwar Juma a hannun ungozoma suke sauka. An kuma tabbatar cewa cikin tagwaye na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo, ga shi kuwa mai tagwaye ce tsofaffi suka fi matsa wa da ruwan zafi da kanwa, wai don nono ya wadaci biyu.

Inda muka fi ganin giɓi shi ne rashin rarrabewa. Kalmar tagwaye ta haɗa iri biyu. Masu kama ɗaya daga ƙwai guda suke, ya rabu biyu, kuma adadinsu kusan ɗaya ne a ko'ina a duniya, wajen huɗu a cikin haihuwa dubu. Ɗaya irin ne ke yawaita a wurare kamar ƙasar Yarabawa. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu kama ɗaya mabiyiya guda suke tarayya a kanta, har jini ya iya rinjaya wajen ɗaya, a haife shi jawur, ɗan'uwansa kuwa fari fat, ƙanƙane. Ungozoma ce ke karɓar mabiyiya, ta wanke, ta binne a bayan ɗaki. Ta san ko guda ce ta fito ko biyu, ko da yake wannan ba hujja ce yankakkiya ba, domin biyu kan manne su zama kamar ɗaya. A cikin rubuce-rubucen da muka ambata, ba mu ga inda aka zauna da ita aka tambaye ta wannan ba.