«Kamar yadda ake gani»: sharhi a kan harshen darasin kuzarin motsi ga ɗalibi makaho

1. Gabatarwa

Wannan ɗan sharhi ya samo asali ne daga Yelu, cikin gundumar Gaya, inda muka saurari wani malami yana fassara wa ƙanensa makaho darasin «énergie cinétique» daga Faransanci. Malamin ya san darasinsa, yaron kuma yana da kaifin basira, amma ba su fahimci juna ba. A ra'ayinmu laifin yana ga harshen darasin, ta fuska uku.

2. Darasin da aka gina a kan ido

Littattafan fizik na lise sun dogara ga zane: ƙwallo a kan gangare, kibiya mai nuna sauri, sa'an nan jimlar «comme on le voit sur la figure». Mai fassara yakan ce «kamar yadda ake gani», daga nan kuwa makaho ya fita daga aji ko da yana zaune.

Hausa tana da wata hanya. Ian Ritchie (1991) ya nuna cewa Bahaushe ya kasa gaɓoɓin fahimta gida biyu: «gani» da «ji». Ana jin sauti, ana jin nauyi, ana jin zafi, ana jin magana. Kuzari kuwa ba abin gani ba ne ko ga mai ido. Sakamakonsa ake ji. Tarihin ilimin ma ya goyi bayan hannu. A 1722 's Gravesande ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai taushi yana auna ramin da suka yi, Émilie du Châtelet kuma ta kafa hujja da wannan gwaji a 1740. Idan an ninka tsawon faɗuwa sau 4, sauri yana ninkuwa sau 2 kawai, amma girman rami sau 4. Yatsa yana iya tantance wannan, yumɓu kuwa ba ya wuya a ƙasar Dallol.

3. Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

Malamin ya yi amfani da «ƙarfi» a madadin «force», «énergie», «puissance», wani lokaci har «travail». Mai ido yana tsira saboda yana ganin F, E, P da W a allo. Makaho kalmar kaɗai yake da ita. «Makamashi», wadda gidajen rediyo suka yaɗa, tana kai hankali ga itace da fetur, alhali babu wuta a cikin dutsen da ke faɗuwa. Muna ba da shawarar: ƙarfi (force), aiki (travail), kuzarin motsi (énergie cinétique), ajiyayyen kuzari (énergie potentielle), kuzarin makanik ga jimillarsu. Matsalar «nauyi», wadda ke ɗaukar «masse» da «poids» duka biyu, tana bukatar nazari na dabam.

Misali: guga mai kilo 10 a bakin rijiya mai zurfin mita 8 yana da ajiyayyen kuzari kimanin jul 784. Idan igiya ta kuɓuce, wannan adadi yana komawa kuzarin motsi, amon ruwa kuma shi ne shaida.

4. Karanta ƙa'ida da baki

Ec = ½mv² rubutu ne mai hawa biyu. Malamin ya karanta «v biyu», yaron ya ji «v sau 2». Bambancin ba ƙarami ba ne: taɓarya mai kilo 3 tana da jul 6 a saurin mita 2 cikin daƙiƙa, a saurin mita 4 kuwa jul 24, ba 12 ba. Ya kamata a ce «sauri sau sauri». Rubutun makafi ya daɗe da warware wannan, domin yana jera kowace alama a layi ɗaya: Louis Antoine ya tsara na lissafi a Faransa a 1922, Abraham Nemeth na Amurka a 1952, dukansu makafi masana lissafi. Karatun baki na Hausa ne bai sami irin wannan ƙa'ida ba.

5. Kammalawa

A 1829, a birnin Paris, Coriolis ya buga littafin da ya daidaita ma'anar «travail», Louis Braille kuma ya buga tsarinsa na ɗigo 6. Nijar ta fara koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, tana kuma da makarantar makafi ta Soli Abdourahamane a Yamai. Abin da muke kira gare shi shi ne masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su zauna da malaman makafi, su gwada kowace kalma a kunnen ɗalibin da ba ya ganin allo kafin su amince da ita. Idan shi ya rarrabe ta da ƴan'uwanta, sauran ɗalibai ma za su rarrabe.