Aikin Gayya Wajen Yi wa Matanin Hausa Alama: Amfaninsa da Rauninsa

1.0 Gabatarwa

Kafin kwamfuta ta iya fassara ko tantance magana, sai mutane sun ɗauki matani sun yi wa kalmominsa alama: wannan sunan mutum ne, wancan sunan gari. A da masana kaɗan ke wannan aiki. Yanzu akan zuba matanin a dandalin intanet, a kira masu jin harshen su yi shi ta hanyar gayya. Wannan takarda za ta auna tsarin a ma'aunin nazarin Hausa.

2.0 Amfaninsa

A shekarar 2021 ƙungiyar Masakhane ta fitar da MasakhaNER, inda masu sa kai suka ware sunayen mutane da wurare da ƙungiyoyi da kwanan wata a harsunan Afirka 10. An ɗauko matanin Hausa daga labaran Muryar Amurka. A 2022 kuma aka fitar da NaijaSenti, mai ɗauke da saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsuna huɗu, har da Hausa, an rarraba su zuwa yabo da suka da tsaka-tsaki. Malami guda zai shekara bai kai ga wannan adadi ba. Bugu da ƙari, masu harshen ne da kansu suka yi hukunci.

3.0 Rauninsa

Idan masu alama suka saɓa, galibi akan bi rinjaye. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan kalma irin Maraɗi, amma Hausa na da wuraren da ba ta isa ba.

Na farko, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saƙonnin waya kuma sukan zubar da ƙugiya. Kalmar gari tana iya zama wurin zama ko abin tuwo. Laraba rana ce, kuma sunan mace ce. Wanda aka ba jimla ɗaya tsirara sai ya yi canke.

Na biyu, gatse da habaici. Sannu da ƙoƙari tana iya zama yabo, tana iya zama zagi a kaikaice. Mutum biyu da suka ɗauki kalmomin a zahirinsu za su rinjayi na ukun da ya gano manufa.

Na uku, kuma mafi nauyi, karin harshe. A Nijar ana kiran malamin makaranta mushe, aro daga Faransanci. A kunnen Bakano kuwa mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Idan ɗalibi a Damagaram ya rubuta cewa mushensu ya iso, masu alama kuma mafi yawansu Kanawa ne, jimlar za ta faɗa cikin zagi. Kwamfuta za ta koyi kuskuren, ta riƙa maimaita shi a kan duk mai wannan kari.

4.0 Kammalawa

Gayya tana samar da yawa, amma ingancinta yana ga waɗanda aka gayyato. Ya kamata a rubuta karin harshen kowane mai alama, a kuma adana saɓanin da aka samu maimakon a shafe shi, domin a nan ne abin nazari yake. Ɗaliban Hausa na Nijar da Gana da Kamaru su ne suka fi cancanta su cike wannan giɓi. Idan ba su shiga ba, Hausar da na'ura za ta sani ita ce ta waɗanda suka halarta.